Ɗan Anace: Abin da Kaset Bai Ɗauko Ba

Wata Juma'a da la'asar na je gaishe da kawuna a wajen Runjin Sambo, cikin birnin Sakkwato. Barunje ne gaba da baya, ya yi shekara fiye da arba'in yana fawa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a zaure. Na san abin da ransa ke so, don haka da muka gama gaisawa sai na ciro waya na kunna masa waƙar ɗan dambe Shago ta makaɗi Ɗan Anace, na ajiye a kan tabarma kusa da butarsa. Ya sunkuyar da kai yana saurare, babban yatsansa yana bugun gwiwa daidai da kalangu. Hannun nan nasa duk tabon wuƙa ne, ga ɗan yatsa guda da ya karkace tun wani dambe da ya yi yana saurayi. Da aka ɗan jima sai ya ɗago kai.

"Murya dai tashi ta," in ji shi, "amma wagga ba ita ta ba."

Na ce, "Kawu, ai ita ce. Ita ce kowa ke da ita."

"Ita kowa ad da ita ga waya. Ni sau nawa nij ji shi ga hili? Ban taɓa jin ya yi ta iri guda sau biyu ba. Ku abin da kunka samu, rana guda ta anka kama muku."

Tun daga ranar maganar nan ba ta bar ni ba. Mu da muka tashi muka tarar da makaɗan ƙasar Sakkwato a cikin kaset, daga baya a cikin waya, mun ɗauka abin da muke ji shi ne waƙar, da farkonta da ƙarshenta, kamar yadda ake buɗe littafi a rufe. Wanda ya tsaya a fage ya san ba haka ba ne. Waƙar makaɗin baka a gaban jama'a ake ƙera ta, da hannun mutane da yawa, kuma tana ƙarewa ne idan taro ya watse. Gobe idan aka sake haɗuwa a wani gari, gindin yana nan, amma 'ya'yan da za ta haifa daban ne. Ina ganin babban gadon da Ɗan Anace ya bari shi ne wannan sana'a ta ƙera waƙa a idon mutane, kuma ita ce muke gab da rasawa alhali muryarsa na cike da wayoyinmu.

Sunansa Muhammadu Bawa, mutumin 'Yar Tsakkuwa a ƙasar Gandi, cikin ƙaramar hukumar Rabah ta yanzu. Da kalangu yake kiɗa. Ya yi wa manoma, ya yi wa masu sarauta da masu hannu da shuni, amma da 'yan dambe duniya ta san shi, musamman Shago, wanda sunansa da na Ɗan Anace suka zama kamar ɗan jumma da ɗan jummai. Ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Duk inda tsofaffin masoya dambe suka zauna, ba a tashi sai an tabo karon Shago da Ɗandunawa, kuma da bakin Ɗan Anace akasarinsu ke ba da labarin, ko da sun gani da idonsu. Ya rasu tun kafin wayar hannu ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, bai san za a riƙa tura muryarsa daga Mabera zuwa Makka cikin ƙiftawar ido ba.

Kafin a fahimci waƙarsa sai an fahimci inda take tsirowa. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, rundawa kamar yadda muke cewa a nan. Idan kaka ta yi, an cire amfanin gona, aljihun manomi ya yi nauyi, sai rundawa su ɗauki hanya gari gari. Su yanka sa, a ci nama, da yamma ko da farin wata a kafa fage. Kalangu kuwa kiɗan mahauta ne tun fil azal, shi ake kaɗawa a sanar da gari cewa an yi yanka. Saboda haka makaɗin dambe ba baƙo ba ne da aka gayyato ya ƙawata taro. Ɗan gida ne. Tare ake tafiya da shi, tare ake kwana, ya san wanda ya kwana da zazzaɓi, ya san wanda aka yi wa baiko yake son a gan shi, ya san wanda aka kashe bara a wannan garin yake ta haɗiyar zuciya shekara guda.

Ga yadda abin yake. An yi da'ira, mutane sun zauna a ƙasa, na baya suna tsaye, yara sun hau katanga da bishiya. Ƙananan 'yan dambe ne ke share fage. Manya suna gefe a zaune, an naɗe musu hannu da ƙyalle an bi da kara an ɗaure tam, suna yi kamar abin bai dame su ba. Babu mai iya tayar da su sai mutum ɗaya. Makaɗi zai matse kalangu a hammata ya saki taken wani daga cikinsu. Kowane ɗan damben kirki yana da takensa, kuma take magana ce. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi kuwa kalangu idan aka matse tsarkiyarsa sauti ya hau, idan aka sassauta ya sauka, don haka yana iya bin karin kalma gaɓa bayan gaɓa. Wanda ya san taken yana jin kalmomin sarai kamar da baki aka faɗe su. Mai taken zai ji an kira shi da sunan da ko mahaifiyarsa ba ta kiransa da shi. Sai ka ga jikinsa ya ɗauki tsuma, ya miƙe, ya ɗaga hannuwa sama, ya shigo tsakiya yana kirari, muryarsa na rawa. Kiɗa ya tsaya cak don a ji shi. Yana direwa kalangu ya amsa.

Daga nan ne aikin mawaƙi ke farawa, kuma a nan Ɗan Anace ya yi wa tsaransa nisa. Ɗan dambe ya tashi, to amma da wa zai yi? Akwai wanda ya kamata ya fito daga ɗaya ɓangaren, ya noƙe. Mawaƙi ba zai kama sunansa ba. Zai dai fara zancen wani mai faɗin ƙirji da cin tuwo, wanda ya cika baki a kasuwa da safe. Jama'a su fashe da dariya, ido duka ya koma wuri guda. Ko ya tashi ko ya bar garin da kunya. Idan an shiga turmi na farko ba kisa, aka raba, mawaƙi ne zai cike wannan tsakanin, ya hana jini ya huce. Idan aka yi kisa, wato hannu ko gwiwa ko jikin wani ya taɓa ƙasa, kafin ƙura ta lafa ya riga ya sa abin a waƙa: wane ya kashe wane, a gari kaza, da hannu kaza. Daga wannan daren ya shiga tarihi. Babu jarida a wurin, babu mai riƙe da alƙalami. Bakin makaɗi ne kundin dambe, kuma wanda bai shiga cikinsa ba kamar bai taɓa naɗe hannu ba.

Mutane kan yi mamakin yadda mutum zai ƙirƙiri baiti nan take, ya zauna daram a kan kiɗa, ba tuntuɓe. Baiwa ce, babu shakka. Amma akwai dabara a ciki, kuma dabarar tana hannun 'yan amshi. Duk lokacin da jagora ya dire ɗa, wato baiti, 'yan amshi suka karɓe da gindin waƙa, ya sami numfashi biyu ko uku. A cikin wannan ɗan taƙin idonsa na yawo a fage. Ya ga wanda ya shigo yanzu da babbar riga, ya ga ɗan damben da ke gyara kara, ya ga tsohon da ya yi dambe shekara talatin da suka wuce yana share hawaye. Kafin amshi ya ƙare ya zaɓi wanda zai ɗauka. Yana da rumbun kalmomi da ya tara shekara da shekaru: kirarin kura, na giwa, na zaki, na ramin da ba a shiga, na guguwa da gobara. Abin da yake yi a fage shi ne ya ɗebo daga rumbun ya auna da abin da ke gabansa. Shi ya sa maimaicin da ke gundurar mai saurare a waya, har ya riƙa tura waƙar gaba, a fage shi ne lokacin da ake saƙa. Mai kallo bai ma san an maimaita ba, don idonsa na kan abin da mawaƙin ke kallo.

Haka kuma jerin sunayen nan da ke cika tsofaffin waƙoƙi, Alhaji wane na gari kaza, wane sarkin fawa, wance 'yar wane. Yaran yanzu suna cewa roƙo ne ya ɓata waƙar. Roƙo ne, ba a musu, da shi makaɗi ke ci da iyalinsa da yaransa. Amma kowane suna a cikin jerin nan mutum ne da ke zaune a wurin a wannan dare. Ya miƙa kyauta, sanƙira ya ɗaga ta sama ya yi shela, riga ce ko kuɗi ko damen gero ko ɗan maraƙi, mawaƙi ya karɓi sunan daga bakin sanƙira ya jefa cikin waƙa tun kyautar ba ta sauka ba. Mutumin ya koma gida ya san an ji shi. Idan ka saurari kaset ɗin da aka ɗauka a fili da kunnen basira, jerin sunayen nan rajistar mahalarta ce. Daga ita za ka gane a wane yanki aka yi wasan, su wa ke da kuɗi a lokacin, wace sana'a ke ci.

Akwai wani abu a waƙar Ɗan Anace da ya sa ko wanda bai taɓa leƙa gidan dambe ba yake tsayawa ya saurara, wato yadda yake zancen mutuwa. Yana cikin zuga sai ka ji ya juya ya shiga maganar lahira da kabari da ƙarewar duniya, har ya kai gwaninsa can ya haɗa shi da Walakiri. Masu nazari sun yi rubutu da yawa a kan wannan, suna kiransa falsafa, kuma sun yi gaskiya. Sai dai ni ina ganin falsafar ba daga zaman tunani a ɗaki ta fito ba. Fagen ne ya haife ta. A wasan da faɗuwa sunanta kisa, wanda ya faɗi an kashe shi, mutuwa ba baƙuwar kalma ba ce. Kuma ba a baki kaɗai take ba: hannun da aka naɗe da kara yana karya muƙamuƙi, yana zubar da haƙori, wani lokaci wanda aka ɗauka ranga-ranga ba ya dawowa. Saurayin da zai shiga tsakiya yana jin tsoro, ko ya nuna ko bai nuna ba. Me za ka gaya masa? Ɗan Anace ba ya ce masa ba abin da zai same shi. Yana tuna masa cewa wanda ya shiga da wanda ya noƙe duk tafiya za su yi, bambancin kawai wanda za a riƙa faɗi bayansa. Wannan magana a cikin waya hikima ce mai daɗin ji. A gaban mutumin da ke tsaye da naɗaɗɗen hannu, abokin karonsa na kallonsa, umarni ce, kuma tana iya sa ya taka inda ba zai dawo ba. Ya kamata mu riƙa tuna nauyin nan idan muna yaba ta.

Wani zai ce wannan halin waƙar maza ce, ta fada daban take. Gaskiya ne akwai bambanci. Makaɗan fada, irin su Salihu Jankiɗi da ya yi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ko Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, ko Sa'idu Faru da Sarkin Kudu Maccido, ko Musa Ɗanƙwairo na Maradun, sukan shirya waƙa tun a gida. A zauna da 'yan amshi a yi ta bita har ta nuna, kowa ya san inda zai karɓa da inda zai yi ƙari, sannan a kai ta gaban sarki ranar sallah ko ranar naɗi. Wanda ya saurari yadda Ɗanƙwairo da mutanensa ke miƙa wa juna baiti a kan kotso, wannan ya fara wancan ya ƙarasa, ya san ba a fage aka fara haɗa shi ba. Amma ko a can, ran waƙar na wurin taron. Zambon da ake yi wa "wani ɗan sarki" mai dogon buri, a kaset ba kowa ba ne. A fada kuwa yana zaune cikin 'yan majalisa, rawaninsa ya sha bula, kowa ya san shi ne, kuma ba shi da halin motsawa. Dariyar da fadawa ke dannewa, da yadda sarki ke yin kamar bai ji ba, rabin waƙar ke nan. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, lokacin Maradun na cikin jihar Sakkwato, shekara biyar kafin a yanke Zamfara. Shi an yi sa'a akwai hotunansa masu motsi, ana iya ganin yadda yake juya kai ya dubi yaransa. Da yawa daga cikin na gabansa ko wannan ba a samu ba.

Ba ina raina abin da aka ɗauka ba ne. Ba don gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ba, da Rima Radio a nan gida, da masu shagon kaset da suka riƙa bin makaɗa da rikoda, da yanzu sai dai mu ji a bakin tsofaffi cewa an yi wani mutum. Allah ya saka musu da alheri. Amma kowace na'ura da irin wuƙarta. Faifan garmaho minti uku ne da 'yan kai a kowane gefe, dole mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa ya matse ta ta shiga. Ɗakin ɗaukar murya na rediyo ba shi da ɗan dambe, ba shi da jama'a, sai makirfo da agogo da ma'aikaci yana ɗaga hannu. Mawaƙi zai yi zuga, amma wa yake zugawa? Kaset ya fi sauƙi, minti talatin ko arba'in da biyar a gefe, sai dai shi ma yana ƙarewa a tsakiyar baiti, kafin a juya an yi asarar abin da aka yi asara. Yanzu kuma mun zo zamanin da ake yanko daƙiƙa talatin, wurin da ya fi daɗi, a ɗora a kan hoton wani ɗan siyasa ko wani ango. Kowane mataki waƙar na ƙara yaɗuwa, tana kuma ƙara gajarta.

Illar da ta fi damuna ba gajartar ba ce. Idan aka kama rana guda aka yi ta maimaitawa shekara arba'in, sai ta zama ita ce waƙar, sauran ranakun duk su zama kuskure. Na taɓa zama a wani biki inda wani matashi mai kalangu, mai murya ƙwarai, ya rera waƙar Ɗan Anace. Ya haddace ta tsaf, har da tarin da ke cikin kaset ɗin kamar zai yi. Ya jero sunayen mutanen da suka yi kyauta a wani dare da ba a haife shi ba, mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe idonsu, alhali ga masu biki zaune a gabansa, ga uban ango, ga abokai, bai kama sunan ko ɗaya ba sai da ya gama ya koma roƙo tsurarsa. Aka tafa masa. Ni kuwa tausayi ya ba ni, don an ba shi gadon a juye. Ya ɗauki abin da Ɗan Anace ya yi, ya bar yadda yake yi. Kuma ba laifinsa ba ne: ba shi da inda zai koya. Da, yaro yakan shekara goma yana ɗaukar kaya, yana riƙe ƙaramin kiɗa, yana amshi, yana kallon inda idon maigida ke zuwa, kafin a bar shi ya jefa ɗa guda. Yanzu malaminsa katin waya ne.

A jami'a ma akwai makamancin haka. Ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran wurare sun yi aiki mai yawa wajen rubuta waƙoƙin baka da nazarinsu, kuma ba don su ba da kalmomi da yawa na Sakkwatanci da Zamfarci da ke ciki sun ɓace. Sai dai idan waƙa ta hau takarda, kalangu ya yi shiru. Abin da ganga ta faɗa tsakanin baiti da baiti, wanda sau da yawa shi ne amsar abin da baki ya faɗa, ba ya cikin rubutun. Sai a yi ta neman ma'anar wani layi a cikin layin da ke gabansa, alhali ma'anar tana tsaye a fage a daren, da naɗaɗɗen hannu.

Dole kuma a faɗi ɗaya gefen, don a Sakkwato muke. Garin Shehu ne, kuma tun zamanin jihadi malamai ke da magana mai tsauri a kan kiɗe-kiɗen wasa da cakuɗuwar maza da mata. Fagen dambe na da abubuwan da ba za a kare su ba: layu da guraye da shaye-shayen magani, caca a gefe, kalmomin da ba a faɗa a gaban surukai. Akwai gidaje da yawa a cikin birni da ko kusa ba a yarda yaro ya je ba, kuma iyayen suna da hujja. Bayan da aka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, harkar kiɗa a fili ta ƙara ja baya a wannan yanki. Ni ba na cikin masu cewa duk abin da aka gada mai kyau ne. Abin da nake cewa shi ne, garin da ya riƙe Sarkin Taushi a fadarsa, ya kuma haifi Ɗan Anace a ƙauyensa, ya san yadda ake zama da abu biyu. Ana iya ƙin caca da tsafi ba tare da an yi kamar ba a taɓa yin mutanen da suka sarrafa harshen nan yadda ba wanda ya sarrafa shi ba. Malamai da yawa da na sani, idan zance ya yi zance, da baitin makaɗan nan suke kafa hujjar Hausa.

Amma abin da ya fi wa'azi da na'ura kashe fage shi ne rashin kwanciyar hankali. Wasan dare yana son gari mai barci da ido biyu rufe, da hanya mai aminci da baƙi za su bi su zo su koma. Gabashin Sakkwato, ƙasar da ta ba mu makaɗan nan, ita ce yau ke cikin bala'in 'yan bindiga: Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo. A watan Yulin 2018 aka kai hari Tabanni a ƙasar Gandi, aka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwarara cikin garin Gandi suna gudun hijira. Ƙasar Ɗan Anace ke nan. Manomin da bai samu ya shiga gonarsa ba, ina kaka, balle a yanka sa, balle a kafa fage? Idan muna lissafin abin da wannan masifa ta ci, mukan ƙirga rayuka da shanu da garuruwa, kuma su ne gaba. Amma ta ci har da wuraren da yaro zai tsaya ya ga yadda ake yin waƙa.

Dambe kansa bai mutu ba, ya koma birni ne. Yanzu gida ake kewayewa, a sayar da tikiti, a kafa lasifika, a raba 'yan wasa ɓangare ɓangare, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus. Ana ɗauka a waya ana sa wa a intanet, mutanen Turai da Amurka na kallo. Har yau kalmar shago, wato yaron babban ɗan dambe, na nan a bakin 'yan dambe, Shagon wane, Shagon wane. Akwai makaɗa a gidajen nan, wasunsu gwanaye ne, kuma su ne kaɗai suka rage da ke yin aikin a inda ya kamata a yi shi: suna kallon fage suna waƙa. Sai dai mai ɗaukar hoto naushi yake nema. Da an yi kisa ya yanke, ya tafi na gaba. Makaɗin yana can gefe, ana jin sa sama-sama kamar ƙarar janareto. Da za a samu mai juya kyamarar nan ya ba shi minti ashirin cur, daga kiran take har zuwa shelar kisa, da ya yi wa Hausa aikin da ya fi naushi ɗari.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Waɗanda suka tsaya a fagen Ɗan Anace suna da rai, amma sun tsufa: tsofaffin 'yan dambe, rundawa, waɗanda suka yi amshi, matan da suka sayar da fura a bakin fage. Kaset ɗin ma ba guda ba ne. A cikin akwatunan gidajen rediyo, da shagunan tsofaffin masu kaset a kasuwa, da ɗakunan direbobin da suka yi ritaya, akwai ɗauka daban daban na waƙa guda, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne dukiyar. Wurare irin su ma'adanar tarihi ta Waziri Junaidu da sashen Hausa na jami'a suna da hurumin tattara su, a jera su kusa da juna, kada a zaɓi guda a ce ita ce sahihiya. Sannan a ɗauki kowace a kai wa tsofaffin nan, a kunna, a bar su su katse ta duk inda suka ga dama. Katsewar tasu ita ce sharhin da ba ya cikin kowane littafi.

Na gwada hakan da kawu bayan sati biyu. Na koma da waya biyu, ɗaya na waƙa, ɗaya na ɗaukar muryarsa. Waƙar da ba ta kai rabin awa ba sai da ta kai mu kiran magariba. Wani suna ya wuce, ya ce in tsaya, ya ba ni labarin mutumin da irin shanun da yake saye. Wani wuri 'yan amshi suka yi kamar sun makara, ni da na ɗauka kuskure ne, ya ce a'a, wani abu ne ya faru a fage suka juya suna kallo. Da aka zo wani gurbi da babu murya sai kalangu zalla, wurin da kullum nake turawa gaba, sai ya kama hannuna.

"Tsaya, yaro. Ba ka jiya ba? Kira nai shikai."

"Wa yake kira, Kawu?"

Bai amsa ba. Ya sa na mayar baya, ya bi kiɗan da baki, gaɓa bayan gaɓa, har kalmomin suka fito fili, take ne na wani ɗan dambe da ban taɓa jin sunansa ba. Ya maimaita sau uku don wayar ta ɗauka da kyau. A na ukun muryarsa ta soma rawa, na ga hannun nan mai karkataccen yatsa ya dunƙule a kan gwiwarsa. Ladan ya yi kira, ya jawo buta.